Gida Mai Wayo a Garin da Babu Wuta

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, wani sabon yayi ya shigo gidajen manya a Nassarawa GRA, wai shi "gida mai wayo". Maigida na kishingiɗe sai ya taɓa wayar hannu, fitila ta kama, ƙofa ta kulle kanta. An ce mana wannan shi ne ci gaba. Mu kuwa mun ce a dakata tukuna.

Fasahohi irin su Zigbee, wadda aka kammala ƙa'idojinta a 2004, da Z-Wave, wadda aka ƙirƙiro a Danmak, ba su bukatar a ja waya tsakanin na'urori. Kowace fitila ko soket tana karɓar saƙo ta iska, ta miƙa wa maƙwabciyarta, kamar saƙar raga. In hanya ɗaya ta toshe, saƙo ya bi wata. Amma fa na'urori masu batir barci suke yi don tattalin caji. Masu miƙa saƙo su ne waɗanda ke jone da lantarki. Wuta na ɗaukewa, raga ta tsinke.

To, ina wutar? A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. A Oktoba na shekarar, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai hali ya tada janareto, gidansa ya ci gaba da wayo. A Tudun Murtala kuwa, cikin ƙaramar hukuma guda da shi, mai walda ya rufe shago, ɗalibi ya yi karatu da tocila. Wannan ai ci gaban mai haƙar rijiya ne!

Fasahar ba ta da laifi. Hannun da ta faɗa ne abin tuhuma. Ragar da ke kunna fitilar falo za ta iya kunna fitilun lungu da magariba, ta tsai da injin rijiyar burtsatse in tanki ya cika, muddin an ɗora masu miƙa saƙon bisa hasken rana, wanda Kano ba ta rasa ba.

Don haka muna kira ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello: ku daina ɓata aikin shekarar ƙarshe wajen kwaikwayon kayan wasan masu kuɗi. Ku je Tudun Murtala, ku zauna da mai unguwa, ku ƙera abin da zai yi aiki ko an ɗauke wuta. Da harajin talaka aka gina ɗakunan gwajinku, shi ya fi cancanta ya fara amfana.