ATLANTIS: A RABA TARIHI DA TATSUNIYA

Daren jiya wani abokina ya turo min bidiyo a WhatsApp, wai "an gano Atlantis", ƙasar nan da aka ce teku ya haɗiye a yini ɗaya da dare ɗaya. Mai bidiyon ya rantse cewa mutanen Minowa ne na tsibirin Kirit a Girka. Na ga mutane da yawa sun yaɗa shi, shi ya sa na ce bari in ce wani abu.

Labarin Atlantis daga bakin mutum ɗaya ya fito, Aflaton, wanda Turawa ke kira Plato, wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce Solon ne ya jiyo shi a wurin limaman Masar, abin ya faru shekara 9,000 kafin Solon, kuma tsibirin yana can bayan mashigin Jibraltar. Wa'azi yake yi a kan ƙasar da girman kai ya halaka.

Su kuwa mutanen Minowa gaskiya ne an yi su. Arthur Evans ya fara tonon fadar Knossos a 1900. A Akrotiri, tsibirin Santorini, Spyridon Marinatos ya fara tono a 1967, aka samu gari ƙarƙashin toka, da benaye da magudanan ruwa da zane a bango. Dutsen tsibirin ya yi aman wuta wajen 1600 kafin Annabi Isa. Nan masu bidiyo suke kafa hujja.

To amma fa lissafin bai fita ba. Kirit tana cikin Bahar Rum, ba bayan Jibraltar ba, kuma har gobe tana nan, ba ta nutse ba. Fadojinta sun ci gaba da rayuwa bayan aman wutar, sai wajen 1450 akasarinsu suka rushe. Shekara 9,000 kuwa, da ta ƙi daidaita sai wasu suka ce kuskure ne, 900 ake nufi. Haba jama'a! Idan sai ka canja wuri, ka canja lokaci, ka canja ƙarshen labari kafin ya dace, ai kai ne ka ƙirƙiri naka.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, ai nishaɗi ne. Ga abin damuwar. A 1910 Bajamushen nan Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga kan mutum na tagulla mai ban mamaki. Maimakon ya yarda Yarabawa ne suka ƙera abinsu, sai ya ce ragowar Atlantis ne. Kun ga inda tatsuniyar take kaiwa: a ƙwace wa mutane aikin kakanninsu a miƙa wa ƙasar da babu ita.

Ni a ganina mutanen Minowa ba sa buƙatar aron suna. Rubutunsu da ake kira Linear A har yau ba wanda ya iya karanta shi. Wannan sirri ne na gaske, ya fi na bidiyo.

Don Allah kafin ka tura, ka tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, ina hujja?

Allah Ya sa mu dace.