FAGEN SHAƘATAWA: Mafarin Fatsar Kifin Kap a Ƙananan Tafkunan Ingila

Ran 13 ga watan Satumba na shekarar 1952, da asuba, wani Bature injiniya mai suna Richard Walker ya ja wani kifi daga ɗan tafkin da ake kira Redmire, a yankin Herefordshire ta ƙasar Ingila. Da aka ɗora shi bisa ma'auni sai ya yi laba 44, watau kusan kilo 20, abin da ba a taɓa kamawa da ƙugiya a ƙasar ba cikin irinsa. Tafkin nan duka-duka bai fi eka uku ba, abin da aka sa wa ƙugiyar kuwa burodi ne. Ba a yanka kifin ba. Da ransa aka kai shi gidan namun daji na birnin London, aka raɗa masa suna Clarissa, ya zauna can jama'a na zuwa kallo kusan shekara 20. Tun daga ran nan sha'awar fatsar wannan kifi ta kama mutanen Ingila, har yau kuwa ba ta sake su ba.

Sunan kifin kap. Asalinsa daga kogunan da ke zuba cikin Bahar Aswad da tekun Kasfiya ne, musamman kogin Danub, kana aka yi ta kiwonsa a tafkunan ƙasashen Turai shekara ɗaruruwa. Jikinsa mai kauri ne, launinsa kamar tagulla, yana da 'yan gashin baki guda huɗu, gajeru, ba kamar na tarwaɗa ba. Akwai mai ɓawo ko'ina a jiki, akwai mai manyan ɓawo jefi-jefi masu ƙyalli kamar madubi, akwai kuma wanda kusan ba shi da ɓawo sam. Ba baƙo ba ne ƙwarai a Nijeriya, domin tun cikin shekarun 1950 aka kawo shi gonar kiwon kifi ta Panyam da ke Jihar Filato. A ƙasashen Folan da Cek shi ne abincin bukin Kirsimeti. Amma mutumin Ingila, abin mamaki, ba don tukunya yake nemansa ba. Zai kwana bakin ruwa cikin sanyi, in Allah ya ba shi sa'a ya kama, sai ya auna, ya ɗauki hoto, ya mai da shi ruwa. Masunci mai iyali zai ce wannan wahalar banza ce, to amma kowane gida da irin tuwonsa.

Sabon shiga wannan fage yana da babban kuskure guda, watau ya fara daga kanti. Zai ga gwanaye da sanduna uku-uku, da 'yar na'ura mai kuka in kifi ya taɓa zare, da laima mai kama da ɗaki, da gadon kwana, sai ya zaci sirrin yana cikin kayan ne. Ya zuba kuɗinsa, ya tafi ƙaton tafkin da ya ji labarin akwai manyan kifaye, ya yi wata guda bai ga ko wutsiya ba, daga nan ya tattara kayan ya sayar da hasara. Alhali kuwa abin da ya kamace shi ɗan ƙaramin tafki ne na eka ɗaya zuwa uku, irin wanda ake biyan kuɗin wuni a shiga, mai kifaye da yawa 'yan laba biyar zuwa goma sha biyar. A nan ne hannu ke faɗawa, domin wanda ya ja ƙananan kifaye ashirin ya fi sanin abin da zai yi ran da babba ya zo.

Kafin ya jefa zare akwai doka. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasin na fatsa daga Hukumar Kula da Muhalli, wanda aka kama ba shi da shi kuwa tararsa tana iya kaiwa fam 2,500. A koguna an hana kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni saboda lokacin ƙwai ne, amma yawancin tafkuna a buɗe suke duk shekara. Bugu da ƙari kowane tafki yana da nasa sharuɗɗan a rubuce bakin ƙofa, mai hankali yakan tsaya ya karanta.

To, ga inda aikin yake. Mai fatsar da ya san abin da yake yi, in ya iso bakin tafki ba ya kwance kaya. Ajiye su yake yi, ya zagaya ruwan sannu a hankali, ya tsaya nan, ya tsuguna can, ko da zai ci sa'a guda yana kallo. Kap kifi ne mai tonon laka da baki, don haka yakan tona asirin kansa. In aka ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere suna matsawa gaba, kifi ne ke kiwo a ƙasa. In aka ga ruwa ya gurɓace a wuri guda alhali kewayensa garau yake, ai ruwa ba ya tsami banza. Ganyen bado ya motsa babu iska, ko karan ciyawar bakin ruwa ya girgiza shi kaɗai, ko kuwa wani baƙin baya ya ɓullo ya nutse, duk labari ne ga mai ido. Iska ma tana da nata bayani. Da ɗumi, kifin yakan bi iska zuwa gaɓar da take kaɗawa, domin can take tara abinci. Lokacin da ya fi ci kuwa shi ne sassafe da kuma dab da faɗuwar rana, in sanyin hunturu ya tsananta sai ya lafa, cinsa ya ragu ƙwarai.

Sabon shiga yakan ɗauka kifi yana tsakiyar ruwa, sai ya dage ya wurga zarensa iyakar ƙarfinsa. Sau da yawa kuwa kifin yana nan gindin ƙafarsa, ƙarƙashin reshen itacen da ya sunkuyo, bai fi taki biyu daga gaɓa ba. Abin da ya kore shi takun mutum ne da inuwarsa. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kap kuma har ji yake yi, domin yana da wata jijiya a tsawon haƙarƙarinsa wadda ke sanar da shi duk wata girgiza cikin ruwa. Wanda ya buga turke da guduma a bakin ƙaramin tafki ya yi wa kifayen wurin sallama ke nan. Ga shi kuma kifin da aka taɓa kamawa aka saki yakan yi wayo, wani an kama shi sau da dama har masu fatsa sun san shi da suna.

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Sanda guda mai tsawon ƙafa 12 ko ƙasa da haka, da ƙwarƙwaron naɗe zare mai sakin zare in kifi ya fizga da ƙarfi, da zaren da zai ɗauki nauyin laba 12 zuwa 15, da ƙugiya lamba 8 ko 10 marar ƙaya, da 'yar dalma. Sai homa mai faɗin baki kamar inci 42, da 'yar katifa mai laushi ta kwantar da kifi. Waɗannan biyu na ƙarshe tafkuna da yawa ba sa barin mutum ya zauna in ba shi da su.

Batun abincin da za a sa wa ƙugiya, nan ne 'yan kasuwa suka fi cin kuɗin jama'a. Akwai wasu 'yan dunƙule da ake kwaɓawa da gari da ƙwai, a tafasa su har bayansu ya yi tauri don kada ƙananan kifaye su cinye, ana sayar da su da ƙamshi iri-iri. Suna aiki, babu shakka. Amma a shekarar 1980, da Chris Yates ya kama kifi mai laba 51 da rabi a wannan tafki na Redmire ya wuce Walker, da masarar gwangwani ya kama shi, sandarsa kuma ta gora ce irin ta da. Ɓawon burodi da aka bari yana yawo bisa ruwa da yammacin rana mai zafi shi ma ya ja kifaye ba adadi, babu kuwa abin da ya kai shi sa gaban mutum faɗuwa, don yana kallo leɓɓan kifin za su ɓullo su zuƙe shi. Wani abin da mai karatu zai yi murmushi in ya ji shi ne aya. Ayar nan da yara ke tauna tana cikin abubuwan da kap ya fi so, sai dai tilas a jiƙa ta kwana guda cur, a dafa ta kamar rabin sa'a, domin busasshiya tana iya cutar da kifin, shi ya sa wasu tafkuna suka hana ta gaba ɗaya. Ko mene ne mutum ya zaɓa, ya watsa kaɗan, kamar cikin tafin hannu biyu, ya ƙara in an cinye. Abin da aka zuba cikin ruwa ba ya kwasuwa.

Kap ba shi da haƙora a baki, suna can cikin maƙogwaro. Zuƙar abinci yake yi, in ya ji baƙon abu ya furzar kafin mai sanda ya farga. Saboda wannan hali ne wasu masu fatsa biyu, Lenny Middleton da Kevin Maddocks, suka fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1970. Maimakon a soka abincin jikin ƙugiya, sai a ɗaura shi da ɗan siririn zare yana reto a bayanta, ƙugiyar tana tsirara. Kifi ya zuƙa, ya zo furzarwa, ƙugiya ta kama leɓen ƙasa. Ɗaurin nan ba ya wuce koyon yamma guda, amma a koya a gida, ba a bakin ruwa da hannu yana rawa ba.

In kifi ya kamu, gudunsa na fari kamar na ɗan maraƙin da ya tsinke igiya ne, bado ko saiwar itace zai nufa. A ɗaga sanda, a bar ta ta lanƙwasa, a bar shi ya ja zare in ya matsa, a naɗe in ya sassauta. Garaje shi ke tsinka zare, ya bar kifi da ƙugiya a baki. Sai ya gaji ya kwanta a gefe sa'an nan a jawo shi kan homar da aka riga aka nutsar.

Daga nan rai ne a hannun mutum, wataƙila ma ran da ya girme shi, tun da kap yana iya haura shekara 40. A jiƙa katifa, a jiƙa hannu, a cire ƙugiya, in za a ɗauki hoto a durƙushe za a ɗauka, kada a miƙe tsaye da shi, domin faɗuwa guda ta isa ta kashe shi. A mai da shi cikin ruwa a tallafe, har sai an ji ya buga wutsiya da kansa. In an koma gida a shanya homa da katifa a rana su bushe ƙayau kafin a kai su wani tafkin, domin akwai wata cuta mai kama kap da ɗan'uwansa koi wadda jiƙaƙƙiyar homa ke iya ɗauka daga wannan ruwa zuwa wancan, in kuwa ta shiga ƙaramin tafki da zafi takan kashe kifaye masu yawa cikin 'yan makonni.