VTT ɗin da muka daɗe muna mafarki: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?



Yau kan keke za mu yi magana, kuma mun san akwai waɗanda ransu zai ɓaci. Keken nan na gwanjo da ake kawowa daga Turai, mai faffaɗar taya da giya 18 ko 21, wanda 'yan lakwal ke kira VTT. Shekaru da dama ke nan yana cikin ran samarinmu. Yaro na CM2 ya ga mushe ya zo a kansa, daga ranar ya ƙudura cewa in ya girma sai ya mallaki irinsa. Ya girma, ya tafi ci rani Kano ko Agadas, ya dawo da ɗan abin hannunsa, kafin ma ya sayi tunkiya ya nufi wajen masu kekuna. To, a zo bayan wata uku a duba zauren gidansu. Sau da yawa za a tarar da keken a jingine, sarƙa na lilo, kaji na kwana a kan sirdi.

Maganarmu a fili take: ga mutumin karkara da keke ne jakinsa, yawancin waɗannan tsofaffin VTT asara ne, kuma masu sayarwa sun san haka tun kafin su karɓi kuɗin.

Mu fara da asalin abin, don a nan aka yi mana rufa-ido. An ƙirƙiro wannan keke ne a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Wasu samari ne, irin su Gary Fisher da Joe Breeze, suke hawa kan tsauni su gangaro da gudu don nishaɗi, suka ga keken gari ba ya jure musu, suka gyara nasu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ya shiga kasuwa da yawa, a 1996 kuma aka sa tseren irin wannan keke cikin wasannin Olamfik a Atlanta. Wato kayan wasa ne na masu hawan dutse. Giyoyin nan barkatai an yi su ne don tudu mai tsayi da gangara mai santsi. To, jama'a, wane tsauni gare mu tsakanin Attantane da Kanambakashe? Abin da muke da shi jigawa ce, rairayi, da tsidau da ƙayar aduwa da ta gawo.

Ba za mu yi masa rashin adalci ba. Faffaɗar taya, in an ɗan rage mata iska, ta fi siririyar tayar tsohon keke tafiya cikin yashi, wannan gaskiya ce. Ƙaramar giya kuma tana taimakon mai hawa in ya shiga inda ƙafa ke nutsewa. Amma wannan alherin nasa na sabon keke ne, ko wanda ake kula da shi kamar jariri. Wanda ke iso mana ya yi shekara ashirin ko talatin a duniya. Ya ci zamaninsa a Faransa ko Beljiyam, ya yi kwance a ɗakin tarkace, ya ratso teku cikin kwantena, sannan aka wanke shi da omo aka goga masa baƙin mai a taya don ya yi ƙyalli.

Inda ya fi ciwo shi ne wajen giya. Ƙarfen nan mai 'yan ƙafafu biyu da ke canza sarƙa yana rataye ne kusa da ƙasa, a daidai inda tayar baya ke watsa yashi. Mai keke ya ɗiga masa baƙin mai, yashi ya manne, su biyun su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Kowane juyi na feda sai ya ci sarƙar, ya ci haƙoran. Sarƙa ta saki, ta fara tsalle. Ka sayi sabuwa ka ɗora kan tsofaffin haƙora, tsallen ya ƙaru, don sarƙa da haƙora tare suke cinyewa, tare kuma ake canza su. Ka je neman haƙoran, a ce maka naka mai layi bakwai ne, wanda ke akwai mai shida ne. Ka karɓa haka nan, sai maɓallin hannu ya ƙi daidaita da shi, domin kowane tsari da nasa awo. Daga nan sai tafiya Tasawa, in ba a dace ba a ce sai Maraɗi, a Maraɗi a ce a jira mai zuwa Kano. Keken da aka saya don a huta da kuɗin mota, ga shi shi kansa ana biya masa kuɗin mota.

Kada kowa ya ɗora laifin kan masu gyaranmu. Mutumin da ke zaune gindin bedi da famfonsa da kwanon ruwansa na neman huji gwani ne a kan abin da ya sani. Ba shi Phoenix ɗin Sin, ko Hero na Indiya, ko tsohon Raleigh na Ingila da kakanninmu suka hau, ya warware maka shi ya mayar ido rufe, don kayansu iri ɗaya ne kuma suna cikin akwatinsa. VTT kuwa kowane da irin nasa kunci da maɓalli. Wani ma bakin tiyub ɗinsa siriri ne, famfon gari ba ya kama shi.

Sai maganar jiki. Da yawa cikinsu na alminiyom ne. A wurin mai sayarwa wannan abin yabo ne: «Ɗaga ka ji, ba nauyi!» Haka ne, ba nauyi. Amma ranar da ya tsage, mai waldar da ke gyara mana amalanke da garma ba abin da zai iya yi masa, don alminiyom na buƙatar injin walda na dabam. Ƙarfe kuwa ko ina a liƙe shi. Haka sifirin ɗin gaba da samari ke dannawa suna murmushi a kasuwa: a tsohon keke robobin cikinsa sun bushe, ƙura ta shiga, ko dai ya ƙage ko ya riƙa girgiza, ya zama nauyin banza. Mafi muni su ne masu sifirin gaba da baya, masu fenti ja da rawaya. Da yawansu ko a Turai na araha ne da ake sayarwa a manyan kantuna tare da tukwane. Mu nan su ne ake yi wa ciniki da rantsuwa.

Kuma a gaya mana, ina kariya? Wannan ita ce tambayar da ta kamata uba ya yi kafin ya fidda kuɗi. Keke a wurinmu shi ke kai buhun gero injin niƙa, shi ke ɗauko jarkoki daga famfo, shi ke kai wake da gyaɗa kasuwa, shi ke ɗaukar ƙane a baya zuwa CEG. VTT ba a yi shi da wurin kaya ba. A ƙera masa kariya a ɗaura da waya, a aza masa jarka biyu masu lita 25, wayoyin ƙafar baya su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafar ta karkace. Ku dubi abin da ƙungiyar World Bicycle Relief ta yi. An kafa ta a 2005, tana aiki a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, kuma da ta tashi ƙera keken ƙauye ta fito da wanda ake kira Buffalo: jikin ƙarfe, giya ɗaya tal a ainihin samfurinsa, da kariya mai ɗaukar kilo 100. Turawan da suka zauna suka yi nazarin hanyoyin karkarar Afirka sun koma kan fasalin keken kakanninmu, mu kuma muna rububin abin da suka zubar.

Wani zai ce ai a can ma ana neman tsofaffin nan da tsada. Gaskiya ne, akwai masu tara su. Sai dai mai tarawa yana sayen ƙuruciyarsa ne. Ya rataye keken a bango, ya hau ranar Lahadi, in wani abu ya lalace ya yi oda ta intanet a kawo masa har gida. Kuma masu daraja ɗin ba su ne ke shiga kwantena ba, su ana tsince su tun can.

Abin da ya sa muka taso da maganar yanzu shi ne lokaci ya canza. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man da ke shigo mana ta iyaka ya daina zama na araha, mutane da dama suka jingine babur suka koma neman keke. A shekarar 2023 ɗin kuma aka rufe iyaka da Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, komai na gwanjo ya ƙara kuɗi. Don haka kuskuren sayen keke yau ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin akuya ne da 'ya'yanta, ko abin da zai tsare gida a watannin bazara kafin sabon gero. Akwai ɗalibin da uwarsa ta sayar da dabbarta don ya daina makara, yanzu yana tura keken a ƙafa rabin hanya, ya isa aji an rufe ƙofa.

Ku kuma dillalai, da ku muke. Ba mu ce ku bar sana'arku ba, neman halak ne. Amma ku daina rantsuwa cewa «sai dai ka gaji da shi». Wanda ya kawo keke ya kawo kayan gyaransa, sarƙa, haƙora, wayar birki da tiyub masu shiga. Ya bar mai saye ya zagaya da shi cikin yashi yana canza giya, ba a kan dandaryar gaban shago ba. In kun ƙi, to kun san abin da kuke ɓoyewa.

Wanda zuciyarsa ta nace sai VTT, ba mu hana shi ba, amma ya tafi kasuwa da mai gyaran garinsu, shi ne zai sha wahalar daga baya. Ya riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne a jikin keken ƙarfe ne, in ya faɗi a yi hattara. Ya zaɓi wanda gabansa sandararre ne ba sifirin, mai taya lamba 26, don ita ce aka fi samu. Ya ja sarƙar daga gaban babban faranti, in ta ɗago har haƙori ya bayyana, ta gama aiki. Ya duba gefen taya ko ya tsattsage.

Masu shi a jingine a zaure kuwa, kada ku sayar wa 'yan gwangwan da kuɗin goro. In jikin ƙarfe ne mai lafiya, a cire giyoyin nan gaba ɗaya, a zaɓi haƙori ɗaya na tsakiya, a rage tsawon sarƙa daidai da shi, a yi masa kariya mai ƙafa biyu wurin mai walda. Zai rasa kwalliyar da aka saye shi dominta, abokai ma za su yi dariya kwana biyu, amma zai kai gero niƙa ya dawo.

Masu gyaran keke na Attantane, Sarkin Hausa da Mayahi, ku da kuke ganin cikin kekunan nan kullum, ku faɗa wa jama'a wane iri ne ya fi dawo muku da ciwo, wane ne kuma ke daɗewa bai zo ba. Dillalin da ke ganin mun zalunce shi, shi ma fili nasa ne.