Ku Bar Wa Talaka Launinsa

Wata al'ada ta zauna daram a tsakanin masu ɗaukar hotonmu na zamani. Da zarar an ɗauki almajiri, ko mai tallar goro, ko tsohuwa a bakin murhu, sai a zare wa hoton launi, a mayar da shi fari-da-baƙi, a ɗora a Instagram a ce an yi fasaha. Mu dai ba mu yarda ba. Launi shaida ne, kuma duk wanda ya goge shi daga jikin talaka ya yanke wani ɓangare na labarinsa.

Wannan tunani ma aro muka yi. Turawa sun daɗe suna ganin hoto mai kala na 'yan talla ne da masu yawon buɗe ido. Ko a 1976, da gidan adana fasaha na MoMA a Niyok ya baje hotunan William Eggleston masu kala, na tituna da gidajen kudancin Amurka, masu sharhi sun yi masa ca. Alhali tun 1956 Gordon Parks ya nuna abin da launi ke iya yi. Mujallar Life ta tura shi Alabama ya ɗauki rayuwar wani iyali baƙar fata a ƙarƙashin dokokin wariya. A ɗaya daga cikin hotunan, wata mata ce cikin rigar ado mai ruwan shuɗi, tare da yarinya, a ƙarƙashin jan allon da ke nuna ƙofar da aka ware wa baƙaƙe. Launin ne ya hana mai kallo cewa wannan tsohon labari ne. Ga mutum mai tsafta da mutunci, ga kuma wulaƙancin da ake yi mata a ranar.

Fari-da-baƙi kuwa yana tura mai rai zuwa tarihi, ya sa a ji tausayinsa daga nesa. Ka ɗauki marini a Ƙofar Mata, ka cire shuɗin da ya kama hannunsa, me ka bar mana? Ina jan lalle, ina zanen atamfa, ina ƙurar hunturu?

Za a ce ai Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako da fari-da-baƙi suka yi suna. Gaskiya ne. Amma a zamaninsu wankin hoto mai kala bai wadatu a can ba, kuma mutanensu da kansu suke zuwa, cikin kwalliyar da suka zaɓa. Mu wayarmu da launi take ɗauka, da hannunmu muke cire shi.

Sai dai barin launi kaɗai bai isa ba, dole ya zama na gaskiya. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita wankin hoto da wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira Shirley, don haka fuskar baƙar fata ta riƙa fitowa a dushe. Binciken Lorna Roth ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako na cikin abin da ya sa aka gyara. Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan matsala ba ta mutu ba. Kyamarar waya ba madubi ba ce: manhaja ce ke yanke yawan haske da santsin fata, kuma mutum ne ya rubuta ta. Shi ya sa Transsion, mai Tecno da Infinix, ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, Google kuma ya fito da Real Tone a 2021. Amma har yanzu maɓallin gyaran fuska yana haska mu kamar mun shafa man bilicin, mu kuma muna murna.

Saboda haka, idan za ka ɗauki mai faci ko mai ƙosai, ka nemi izini, ka kashe gyaran fuska, ka bar launin yadda Allah ya yi shi. Sannan ka juya wayar ka nuna masa. In bai gane kansa ba, hoton bai cancanci a ɗora shi ba.