Abubakar Rimi na Kano: abin da aka rushe da abin da ya saura

A watan Mayu na shekarar 2024 majalisar dokokin jihar Kano ta soke dokar da ta raba masarautar Kano gida biyar. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya mai da Muhammadu Sanusi na biyu bisa gadon sarauta, shi da gwamna Ganduje ya tuɓe a watan Maris na 2020. Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a madadinsa, bai amince ba, magana ta tafi gaban alƙalai. Mu mutanen Damagaram mun bi labarin ta rediyo da bakin matafiya, don kuwa tsakaninmu da Kano akwai zumunci da ciniki tun zamanin ayari. Da wuya ka shiga wani ƙauye a ƙasar Guna ko Mirya ba ka tarar da wanda ya taɓa cin rani a Kano ba.

Matasa sun ɗauki rikicin sabon abu ne. Dattawa kuwa sun tuna da shekarar 1981 da gwamna Muhammadu Abubakar Rimi. Ya dace mu duba rayuwar wannan mutum, domin a cikinta akwai amsar tambayar da ta shafi kowane mai riƙe da aikin hukuma: cikin ayyukan shugaba, wanne ne ke ɗorewa bayan ya sauka?

Mene ne gwamnan jiha?

Kafin mu shiga labari, sai mun bambance gwamna da gwamna. A nan Nijar shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamnan jiha, shi ne kuma ke sauke shi. A Amurka ba haka ba ne. Ƙasar tana da jihohi 50, kowace da gwamnan da jama'a suka zaɓa, da majalisarta ta dokoki, da baitulmalinta. Shugaban ƙasa ba ya da ikon korar gwamna. Wannan tsari ne Nijeriya ta ara a shekarar 1979, sa'ad da soja suka mai da mulki hannun farar hula. Jihohinta 19 ne a lokacin, kowace ta zaɓi gwamna na shekara 4. Jihar Kano ta wancan zamani ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991, wato su Gumel da Haɗeja da Kazaure, maƙwabtanmu na kudu.

An haifi Rimi a shekarar 1940 a ƙauyen Rimi, ƙasar Sumaila. Ya yi karatu a gida, ya ƙara a Ingila, ya yi aiki a Ikko. Tun yana saurayi ya bi tafarkin Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU, wadda ta tsaya kan ƴancin talaka. Ya zauna cikin majalisar da ta tsara tsarin mulkin 1979. Da Malam Aminu ya kafa jam'iyyar PRP, ita ta tsai da shi takara, ya ci zaɓe, ya hau kujerar gwamna ranar 1 ga Oktoba 1979 yana da shekara 39. A tarayya kuwa jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ce ke mulki. PRP jihohi biyu kaɗai ta samu, Kano da Kaduna.

Haraji, jangali da allo

Abin da ya fara yi shi ne soke haraji da jangali. Haraji shi ne kuɗin kai, abin da muke kira lanho. Jangali kuwa kuɗin dabbobi ne. Duk wanda ya girma a ƙauye ya san abin da waɗannan kuɗi suke nufi: sai da hatsi tun kaka da arha, sai da akuya, wani lokaci barin gari cikin dare. Hakimai da dagatai da masu unguwa ne ke tara kuɗin, saboda haka soke su ya sauƙaƙa wa talaka, ya kuma rage ƙarfin sarakuna a kansa. Gwamnan Kaduna, Balarabe Musa, ya yi haka shi ma. Abin da ya ba su dama shi ne kuɗin man fetur da ke zuwa wa jihohi daga asusun tarayya. Mu ma a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kuɗin uraniyom ne suka ba hukuma damar sauke wa talakawa harajin kai.

A shekarar 1980 gwamnatinsa ta mai da ranar 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, tarayya ta bi sawu a shekarar da ta biyo. Ta kai lantarki ƙauyuka da yawa. Ta kafa kamfanin jarida na Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da Hausar boko, da Alfijir da ajami. Ta kafa gidan talabijin na jiha.

Amma aikin da ya fi kusa da masu karanta wannan shafi shi ne hukumar yaƙi da jahilci da aka kafa a 1980. Ba reshe ba ce a ƙarƙashin wani ofis, hukuma ce mai zaman kanta da kasafinta da malamanta. Aka buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye, maza da mata, ana koyar da karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa. A shekarar 1983 hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo. Dabarar a fili take: wanda ya iya karanta takardar shaida, ya iya duba sikeli, ya iya sa hannu da sunansa maimakon dangwala yatsa, ba a cutarsa cikin sauƙi.

Santsi da Taɓo

Tun shekara ba ta cika ba gida ya tsage. Rimi da Balarabe Musa suka shiga taron gwamnoni 9 masu adawa da NPN, tare da na jam'iyyun UPN da GNPP. Shugabannin PRP suka hana, gwamnonin suka ƙi ji. Jam'iyya ta rabu biyu: masu bin gwamna aka kira su ƴan Santsi, masu bin Malam Aminu aka kira su ƴan Taɓo. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam. Ka ga gwamna ya rasa jam'iyyar da ta kawo shi. A watan Disamba na 1980 kuma rikicin Maitatsine ya girgiza birnin, dubban mutane suka mutu kafin soja su kwantar da shi. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna, wadda ƴan NPN suka fi yawa a cikinta, ta tsige Balarabe Musa.

A cikin wannan hali ne Rimi ya tunkari fada. A 1981 ya ƙirƙiro sababbin masarautu irin su Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse, don rage faɗin ikon Sarkin Kano Ado Bayero. A farkon watan Yuli gwamnati ta aika wa sarki takardar tuhuma, ta ba shi kwana biyu ya amsa. Ranar 10 ga Yuli 1981 gari ya kama da wuta. Aka ƙone gidan rediyon jiha da ofisoshin gwamnati da dama, aka kashe Dokta Bala Muhammad, malamin jami'a kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, a cikin gidansa. Gwamna yana da doka a hannunsa, amma ya auna ƙarfin doka bai auna ƙarfin al'ada ba. Talakan da ya yi murna da soke haraji bai yarda a wulaƙanta sarkinsa ba.

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. A watan Mayu Rimi ya ajiye muƙaminsa don ya yi takara a jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ajiye kujera da kai abu ne da ba a saba gani ba. A zaɓe kuwa Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi, kuma bai daɗe da hawa ba ya rushe sababbin masarautun. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka kifar da gwamnatin Shagari. Kotun soja ta ɗaure Rimi tare da sauran tsofaffin gwamnoni, sai a zamanin Janar Babangida ya fito.

Bai bar siyasa ba. A 1993 ya karɓi muƙamin ministan sadarwa a gwamnatin Janar Abacha, abin da ya ɓata wa wasu magoya bayansa rai. Daga baya ya shiga cikin waɗanda suka ƙi yarda Abacha ya zarce, aka tsare shi a 1998. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP, ya nemi ta tsai da shi takarar shugaban ƙasa a 2003, bai samu ba. A watan Janairu na 2006 aka kashe matarsa Sa'adatu a gidansu. Shi kuma ya rasu ranar 4 ga Afrilu 2010 a Kano.

Mu auna

Yanzu mu jera ayyukan, mu ga abin da ya same su. Masarautun 1981 shekara biyu suka yi. Ado Bayero ya zauna bisa gadonsa har rasuwarsa a 2014, shekara 51 yana sarauta. Ganduje ya sake raba masarautar a 2019, magajinsa ya sake haɗe ta a 2024. Soke haraji ma bai tsira ba: da kuɗin mai suka ragu, gwamnatocin soja suka koma neman kuɗin kai daga talaka. Jaridar Triumph an rufe ta a 2012 kafin a sake buɗe ta daga baya. An sa sunansa a gidan talabijin na jiha da kasuwar Sabon Gari, amma suna a bango ba ya ƙara wa kowa hatsi a rumbu. Duk abin da aka bayar da sa hannun gwamna, wani gwamna na iya karɓewa da nasa sa hannun. Abu guda ne ba wanda ya iya karɓewa: manomi ko matar aure da suka koyi karatu a ajin manya a 1981 sun ci gaba da karatu a ƙarƙashin soja da farar hula, sun kuma sa ƴaƴansu makaranta.

Wannan ba labarin Kano ba ne kaɗai. A nan Damagaram Turawan Faransa sun tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa a 1906, suka bar gadon ba sarki, sai a 1923 suka ga ba makawa, aka naɗa Barma Mustafa. A 2001 hukuma ta sauke Sarki Abubakar Sanda, a 2011 aka mai da shi. Majalisun gundumomi da aka fara zaɓa a 2004, da na jihohi da aka zaɓa a 2011, an rushe su a watan Afrilu na 2024, aka naɗa kantomomi. Kujeru suna juyawa, mutanen ƙauye suna nan inda suke.

A gefe guda kuwa, aikin yaƙi da jahilci da Nijar ta soma tun farkon shekarun 1960, da makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa da aka buɗe a Zinder a 1973, su ne suka haifi masu karanta wannan shafi. A watan Maris na 2025 kundin sabunta ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. Abin farin ciki ne, amma shi ma sa hannu ne bisa takarda. Ba zai zama na talaka ba sai ranar da mutumin Guna zai iya karanta takardar haihuwar ɗansa, da rasiɗin kuɗin kasuwa, da kasafin gundumarsa, ba tare da ya nemi mai fassara ba.

Saboda haka muna kira ga gwamnoni da kantomomi da sarakunan kanto: a sa ajin manya cikin kasafi tun farkon shekara, a biya malamansa a kan lokaci, a buga musu abin karantawa. Ku kuma da kuka sami takardar shaida, kada ku ajiye alƙalami. Kowa ya koya wa mutum guda a gidansa kafin damina ta faɗi. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba shugabanninmu basirar aikin da zai ɗore.