Taragon wasa ba shirme ba ne, ku ba yaro aron waya

Jama'a, yaran Gaya da Ajingi da ke ƙera motar kara da ta langa-langa sun iya aikin hannu. Abin da ya rage musu shi ne awo, kuma waya za ta koya musu.

Masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa a Turai da Amurka sun fi amfani da ma'aunin HO, wato 1:87. Ƙofa mai tsayin mita 2 sai ta koma santimita 2.3. Kalkuletar wayarku ta isa wannan lissafi.

Ku nemo masa hoton taragon fasinja a Google, ya zuƙo shi sosai, ya ga matakala, mariƙin ƙofa, tagogi da maƙalar da ke haɗa taragu. Su ne ke sa tarago ya fito sak.

Kayan aiki kuwa duk a bola suke. Jan ƙarfen cikin matacciyar caja ya yi mariƙi, tsohon katin waya ya yi kujeru, robar ruwa ta yi gilas, ƙwan tocila ya haska ciki.

A ganina, hana yaro wannan asara ce. Wanda ya saba raba awo da 87 tun yana ƙarami, darasin lissafi ba zai tsorata shi ba. Rabin awa dai, kuna kusa da shi.