Bayan Fir'auna da Gwiwoyin Dattawanmu



Da zarar hunturu ya sauka a Wagadugu, sahun Asuba yakan ragu. Dattijo ya kasa miƙe baya, gyatuma ta wayi gari yatsunta a kumbure, nan take sai mu ce jifa ne. Wasu ma sukan ce tun da aka rushe Zanguwetin a 2003 aka watsa mu, jikin tsofaffi bai ƙara daɗi ba. Rabuwa da unguwa ciwo ne, amma ciwon gaɓoɓi ya girmi Zango da dubban shekaru, kuma shaidarsa tana Masar.

Misirawan dā sun adana gawarwakin sarakunansu, har da na dabbobi. Da masana suka ga ƙashin bayan Fir'auna Ramsis na Biyu ya haɗe, sai wasunsu suka ce ciwon kumburin gaɓoɓi ne, irin wanda ke sandarar da baya kamar gora. A 2014 Sahar Salim da Zahi Hawas suka duba gawarwaki 13 na gidan sarauta da na'urar da ke hoton cikin jiki yanki-yanki. Ba su tarar da wannan ciwo ba. A sarakuna 4, ciki har da Ramsis, jijiyoyin gefen ƙashin baya ne suka zama ƙashi, abin da yakan zo da tsufa. Su kuwa birran da aka binne kusa da Luksor, binciken 2023 ya nuna rashin hasken rana da na abinci mai gina jiki ne suka lanƙwasa ƙasusuwansu. Kowane ciwo da sanadinsa.

To, idan masana sun yi kuskure a kan bayan sarki, mu da me muke yanke hukunci daga bakin zaure? Har mukan ɗora wa kishiya ko maƙwabci laifi, zumunci ya ɓaci, ciwon kuma yana ci.

Shawararmu ita ce: gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ko ta sandare da safe fiye da rabin awa, a kai mai ita sashen ciwon gaɓoɓi na asibitin Bogodogo tun kafin ta lalace. Tofi da addu'a ba su hana zuwa wurin likita. Limamai kuma su tunatar cewa shari'a ta yarje wa majinyaci ya yi salla a zaune, a ajiye kujeru a masallatai, kada kunya ta raba dattijo da jam'i.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.